Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Rediyo Mai Basira

Malam Rediyo Mai Basira,

 Tun 1999 da Joseph Mitola ya raɗa maka wannan suna ake ta kambama ka. Wai kai ne baƙon da ke kasa kunne, in ka ji mai lasisi ba ya amfani da zangonsa sai ka shiga ka shimfiɗa tabarma, da ka ji motsinsa ka naɗe ka fita. Madalla. Ƙorafina a kan kunnen nan naka ne.

Sigina ba ta bin hanya ɗaya. Takan bugi gini, ta dawo daga tudu, ta iso maka kashi-kashi, wani lokacin ma su shafe juna. Kai kuma da ka ji tsit sai ka ce ba kowa, alhali tashar talabijin na can tana watsa shiri, dutse ne kawai ya tare ka. Kana buɗe murya hoto ya dagule wa masu kallo.

An ce an samo maka magani: kai da 'yan'uwanka kowa ya saurara daga inda yake, ku aika wa cibiya rahoto ta yanke hukunci. To, da wace doka? In ɗaya ya ji motsi kowa ya fasa shiga, matsoraci guda ya isa ya hana ku aiki. In kuwa sai kowa ya ji, kurma guda zai ja muku rigima da mai gida. In duk a bayan gini ɗaya kuka taru, ko ku ashirin ne shaidarku ɗaya ce. Rahoton ma ta iska yake bi, shi ma yakan dusashe a hanya. Ban ma zo kan maƙaryacin cikinku ba, mai cewa “akwai mutum” don ya ci zangon shi kaɗai.

Ƙa'idar IEEE 802.22 ta 2011 daƙiƙa 2 ta ba ka ka gane mai gida ya dawo. Hukumar FCC ta Amurka ta buɗe maka zangon talabijin a 2008, amma a 2010 ta ce sauraron ba dole ba ne, a tambayi rumbun bayanai kawai. Ka ga ko masu kula da kai ba su sakankance da kunnenka ba.

Don Allah ku warwatsu kafin ku saurara, kuma ku riƙa tantance mai kawo rahoto.

Naka,
Mai kallon talabijin