Masu Akori-kura da Allurar Geji

Akori-kura ƙirar Peugeot 404 da 504, wato ƙaramar motar kaya mai buɗaɗɗen baya, ta daɗe tana jigilar gero da albasa da bandar kifi tsakanin Jakusko da Gashuwa da Nguru, kuma tun da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna a shekarar 1975 ta zama 'yar gida a tashoshin arewa. Wanda ya sauko da tsohuwar akori-kura daga kan duwatsu ya gyara ta yakan tarar cewa inji da giya sun fi saurin ba da kai a kan geji, wato ma'aunan da ke gaban direba masu nuna yawan mai da zafin inji da gudu. A nan ake gane halin mai mota, domin geji shaida ne, kuma kowa da irin abin da yake yi wa shaidar da ba ta yi masa daɗi ba.

Na farko shi ne Mai-jarka, wanda tankinsa ya yi tsatsa, sai ya ɗaure jarka a saman mota ya jawo tiyo zuwa inji, amma bai fasa zagin gejin mai ba saboda allurar ta kwanta. Gejin yana karɓar labari ne daga wani abu mai yawo a kan man da ke cikin tanki, wanda ke ƙara ko rage ƙarfin lantarkin da ke isa ga allurar gwargwadon hawansa da saukarsa, saboda haka allurar da ta ce babu mai a tankin da aka yi shekara ba a zuba masa ba ita ce mafi gaskiya a duk motar.

Na biyu Mai-ƙwanƙwasa ne, wanda ya yi imani cewa allura barci take yi, don haka kowace safiya yakan bugi gilashin da ƙumba. Abin da ya ƙarfafa masa wannan aƙida shi ne wani lokaci takan tashi, domin girgizar hanya da ƙura kan sassauta wayar da ke haɗa geji da jikin ƙarfen mota, wadda ta cikinta lantarki ke komawa batir, bugun kuwa yakan mayar da ita na ɗan lokaci. Daga ƙumba yakan koma dunƙulen hannu, daga nan sifana, har ranar da gilashin zai fashe ya ce kayan Faransa ba su da ƙwari.

Na uku, wanda ya fi kowa kwanciyar hankali, shi ne Mai-sitika. Idan jar fitilar baƙin mai ta kama, alamar cewa man ba ya zagayawa da ƙarfin da zai hana ƙarafan inji cin juna, yakan liƙa mata hoton ɗan takara saboda tana damun idonsa da dare. Haka yake yi wa gejin zafi a watan Afrilu, lokacin da zafin arewacin Yobe ke haura digiri 40 kuma motar na nishi cikin yashi da kayan da suka ninka ƙarfinta. Irin wannan mutum ba ya jin labarin lagireto, wato tukunyar da ke sanyaya ruwan inji, sai tururi ya turnuƙe, kuma idan injin ya buga yakan sanar da 'yan tasha cewa abin ya zo ba zato ba tsammani.

Na huɗu Mai-saye ne, wanda ba ya gwaji sai ciniki. Yakan hau mota har kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ya sayo gejin wata mota dabam saboda ya fi sheƙi, ba tare da sanin cewa kowane geji an daidaita shi ne da na'urar da ke aiko masa da saƙo ba, don haka sabuwar allurar takan nuna rabin tanki a daidai lokacin da yaran mota ke turi. Maƙwabcinsa a ɗabi'a shi ne Dillali, wanda ke rantsuwa da lambar kilomita, alhali igiyar ƙarfen da ke juyo ta daga giya ta tsinke tun kafin a ƙirƙiro jihar Yobe a 1991.

Na ƙarshe shi ne rewaya mai haƙuri, wato mai gyaran wayoyin mota, wanda yake farawa da fiyus, ya kankare tsatsar mahaɗan waya, sannan ya kunna makulli ya zare wayar na'urar zafi daga kan inji ya ɗan taɓa ta a jikin ƙarfe. Idan allurar ta zabura zuwa ƙarshe, ya san geji da waya lafiyarsu ƙalau, laifin na na'urar ne. Sau da yawa bincikensa yakan wanke tsohon gejin ya bar mai motar da laifi, kuma da yake aikin ba ya cin lokaci, ba a kuma sayi komai mai tsada ba, shi ne kaɗai a cikin waɗannan mutane da ake yi wa gardama a kan kuɗin aikinsa.