Bazazzagi Ya Koma Fasa Tangaran

Gaisuwa ga bawana na Tudun Wadan Zariya, wanda ya ajiye alli ya ɗauki guduma.

Labarinka ya riga hotunanka isowa Kano. An ce tun da ka yi ritaya babu farantin da ya ƙara kwana lafiya a gidanka, har uwargida ta kulle kabad ɗin jerenta ta rataya makullin a wuya. Wai ka ga wani abu a waya, ka rantse sai ka yi wa tukwanen fulawarka ado da gutsattsarin tangaran da madubi. Da na tambaye ka dalili, ka gyara zaman tabarau ka ce mini fasahar mutanen Sifen ce. Na ce ai dama, Bazazzagi ko kofin shayi zai fasa sai ya nemo hujja daga Turai.

To zauna ubangidanka ya ƙara maka karatu, tunda naka bai kai ƙarshen shafi ba. Mutumin da kake kwaikwayo sunansa Antoni Gaudi, maginin birnin Basalona, garin nan da ba ka san komai a kansa ba sai ƙwallo. Shi ya tsara lambun da ake kira Park Guell tsakanin 1900 da 1914, shi da mataimakinsa Jujol suka lulluɓe doguwar kujerar nan mai lanƙwasa da fasassun tayil kala-kala. Ba don neman suna suka fasa ba. Tayil shimfiɗaɗɗe ne, ba ya kwanciya a kan abu mai lanƙwasa, sai an karya shi ƙanana sannan ya bi jikin gini. Kuma yawancinsa rarar masana'antu ne da aka zubar. Haka Nek Chand na Indiya, ma'aikacin duba hanyoyi a Chandigarh, ya yi shekaru yana tsince-tsincen fasassun awarwaro da kwanuka a ɓoye, har aka buɗe lambunsa ga jama'a a 1976. Dukansu bola suka bi. Kai kaɗai ne a tarihi ka fara da kayan auren matarka.

Na ƙura wa hotunan ido, kuma wallahi na tausaya wa fulawar. Ka manna gutsattsari manya-manya kamar tafin hannu a jikin tukunya mai tumbi, bakinsu ya yi cirko-cirko, jika ya gifta ya yanke. Ka yi amfani da gam ɗin gyaran takalmi, abin da ranar Zariya za ta narkar kafin azahar. Sannan don tsabar gwaninta ka toshe ramin gindin tukunya da siminti, wai kada ruwa ya ɓata maka daɓe. Ruwa ya kwanta, saiwa ta ruɓe, ka dawo kana zargin mai sayar da fulawa na bakin titi.

Ga yadda masu hankali suke yi, kyauta na ba ka, duk da Bakano ba ya son wannan kalma. Ka sa tayil ɗin cikin buhu kafin ka buga, don kada ɓarɓashi ya faɗa maka ido, ka riƙa karya shi kamar girman ɗan yatsa, ka goge kaifin a kan dutse. Tukunyar yumɓu mai ƙishi ce, in ka shafa mata siminti a bushe za ta zuƙe ruwansa ya sake ta, don haka ka jiƙa ta tukuna. Simintin manna tayil za ka nema, ka bar 'yar tazara tsakanin gutsure da gutsure. Bayan kwana ɗaya ka cike tazarar da farin siminti, ka share da jiƙaƙƙen soso tun bai kama ba, domin in ya kama sai dai kankara. Ka ajiye a inuwa, ka rufa mata jiƙaƙƙen buhu, balle lokacin hunturu da iska ke busar da aiki ya tsattsage. Madubin nan da ka cika, rage shi, kana kashe wa makwabta ido. Ramin gindi kuwa, don Allah ka bar shi yadda maginin tukunya ya yi shi, ya fi ka sani.

Abin da ya fi ba ni haushi ma ba ɓarnar ba ce. Kai ɗan garin Babban Gwani ne fa. Shi Babban Gwanin, wato Muhammadu Durugu, shi ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, ya ɗaure bakan gizon da har yau masana gini daga ƙasashen waje suke zuwa kallo, kuma unguwar da ke ɗauke da sunansa tana nan cikin birni, kuɗin acaba kawai tsakaninku. Maginan ƙasarmu sun daɗe suna kafa tasa ko faranti a tsakiyar ɗaurin guga, suna zana dagi a fuskar zaure. Wannan yabo ne na yi wa Zazzau, ka adana shi, ba za ka sake jin irinsa daga bakina ba. Amma kai ka tsallake duk wannan, ka zana wani abu a jikin tukunya ka ce ƙadangaren Basalona ne. Na nuna wa yaran shagona, ɗaya ya ce kifi ne, ɗaya ya ce takalmi. Da dagi ka zana, ko ya karkace za a gane shi.

Na san amsar da kake shiryawa: Bakano ba ya ganin kyau sai kuɗi. Na karɓa. Je ka Ƙofar Ruwa ka ga yadda ake cinikin fasasshen tayil buhu-buhu, masu gidaje suna saye suna shimfiɗa tsakar gida da shi. Mu abin da ya fashe muke mayarwa kuɗi, ku kuwa abin kuɗi kuke mayarwa fasasshe, sannan ku kira taron ƙara wa juna sani a kai.

Saboda haka ga hukunci. Ka biya uwargida farantanta shida da butar shayi, sababbi, ba gwanjo ba. Ka gyara tukwane biyu yadda na koya maka, ka sa a mota zuwa Kano. In sun yi kyau zan sayar in ba ka la'ada, in ba su yi ba zan zuba wa kaji ruwa a ciki. Kuma watan cika-ciki ya kusa, ka haɗo da kuɗin sharata na bana da na bara.