Ruwan Jego a Tsakar Gida

Duk wanda ya kwana a Nima cikin watan Maris ya san zafin Akra ba irin na Kano ba ne. Na Kano gashi yake yi, ka shiga inuwa ka samu sa'ida. Na nan kuwa dahuwa ce. Laimar teku ta cika iska, gumi ya tsatso ya ƙi bushewa, kana fitowa daga wanka kana neman wani.

A irin wannan rana na shiga kasuwar Makola sayen zare, na fito da kwamin ninkaya na roba, irin wanda ake hurawa. A jikin kwalin ga hoton Bature da 'ya'yansa suna dariya cikin ruwa shuɗi. Ni hoton na saya. Wata 'yar dako ta ɗora a kai har bakin motar tirotiro. Kayaye ake ce musu, kuma "kaya" ɗin namu ne, Gaawa suka ƙara masa wutsiya.

Matata Hajiya ta dubi kwalin, ta dube ni. "Baban Sani, zaren fa?"

Ban amsa ba, bakina yana kan aiki. Na hura har sai da na ga taurari da azahar. Sannan ruwa. Famfonmu ya kwana uku bai ce uffan ba, sai jarkar nan mai ruwan ɗorawa da ake kira galan Kufuor tun ƙarancin ruwan zamanin mulkinsa. Jarka 40 yaran gidan suka yi jigila, lita 25 kowace, ina biya suna kirari. Gidan haya ne, ɗaki goma sha ɗaya, kowa ya fito ƙofarsa yana kallon sabon attajiri.

Washegari bayan la'asar na ɗaura gajeren wando, na tsoma ƙafa, na janye da salati. Simintin tsakar gida ya dafa ruwan ta ƙasa, rana ta dafa shi ta sama. Tsohuwar ɗakin ƙurya ta sa hannu ta ce, "Malam, ganyen darbejiya kawai ya rage. Wa ta haihu?"

Nan na tuna randar kakata a Kano, wadda ruwanta ke sa haƙori tsami ba wuta ba firji. Ai hikimar ce Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa, ya gyara ya yi tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, har Rolex ta ba shi lambar yabo a 2000. Na ce abin da Bajigawe ya yi, ɗan Zango ma zai yi. Na jiƙa buhunan algarara na naɗe kwamin, na jawo fankar ɗaki na kunna masa. Awa biyu ina tsugune kamar mai jinya. Buhu yana nan sharkaf.

Ɗan yayata Bashiru, mai karatu a jami'ar Legon, ya tsaya yana danne dariya.

"Kawu, randa tana sanyi ne idan ruwan jikinta ya bi iska ya tafi da zafi. Iskar Jigawa ƙishirwa take ji. Ta Akra ta ƙoshi, ina za ta zuba naka?"

Kafin in ba shi amsar da ta dace da ƙaramin yaro, aka ɗauke wuta. Dumsor, kamar yadda ake kiran ɗauke wutar a nan, ya raba gardama.

Sai ƙanƙara. Na tura Maamobi aka kwaso mini fiya wata daskararre leda biyu manya, na juye. Ban ƙifta ido ba yaran unguwa suka dira ciki, kowa ya cafki nasa ya huda da haƙori yana tsotsa. Bashiru ya ciro biro, wai kilo ɗaya na ƙanƙara lita 80 kawai yake saukarwa da digiri ɗaya. Ni ina da lita 1,000. In ina son digiri biyar, sai na nemi kusan kilo 60, kuma gobe rana ta dawo ta karɓi abinta. Wannan karatun boko, wani lokaci sai ka ji kamar da kai yake gaba.

Dabarar da ta kusa yin aiki ita ce inuwa, kuma ita ta kusa kashe mini aure. Na ɗaure igiya daga tagarmu zuwa ta maƙwabci, na shanya zani mafi faɗi da na samu a akwati. Ban san sabuwar shadda ce rinin Bamako da Hajiya ke ajiyar Sallah ba. Iska ta kaɗa, gefe ya faɗa ruwa. A karon farko kwamina ya yi shuɗi irin na kwali.

A rana ta shida gansakuka ta fito, ga 'ya'yan sauro suna ninkayar da ni ban samu yi ba. Mai gidan haya ya leƙo ya ce, "Malam, kiwon kifi za a fara? Sai mu sake maganar kuɗin ɗaki."

Yanzu kwamin yana nan, matan gidan sun karɓe shi. Da safe su zuba ruwa su jiƙa wanki, kafin azahar ya yi zafi ba gawayi ba gas. Har layi ake bi, Hajiya ce mai rabon lokaci. Jiya na nemi a ba ni ko minti goma in tsoma ƙafa, ta ce Alhamis akwai gurbi, bayan barguna.