Wasiƙa Zuwa Ga Gwaggo Tasha

Gwaggo,

Yaya jiran jirgi? Allah ya ba da ladan haƙuri.

Na san ke ba yarinya ba ce. Dogo ya iso Kano a 1911, ya zarce Nguru a 1930, a kan wannan layin aka kafa ki. Kakana yakan ce a zamaninsu ba mai agogo a unguwar nan. Kukan jirgi ke tashin mutane, da shi mata ke sanin lokacin ɗora tukunya. Buhunan gyaɗa, fatu, kanwa, shanu, duk ta gabanki suka wuce zuwa Ikko. Har gobe idan tsofaffi suka ce "bakin tasha", sai ka rantse budurwar ƙuruciyarsu suka tuna.

Yanzu fa? Allon lokutan jirgi yana nan, mun gode, yara na koyon ƙirga da shi. Tagar sayar da tikiti kuwa tattabaru sun kama haya, ban dai ji suna biya ba. Amma inuwarki ba ta da na biyu. Ga mai shayi, ga mai faci, ga 'yan dara, ga kuma tsohon ma'aikacin reluwen nan da kullum bayan la'asar sai ya tsaya ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya gyara hula, ya koma gida kamar wanda ya tashi daga aiki.

Labari ya zo mana an yi miki amarya tun 2016, tsakanin Abuja da Kaduna. Layinta ya fi naki mai ƙafa uku da rabi faɗi, tikitinta ma ta waya ake saya. Ga wata na tafe, daga Kano zuwa Maraɗi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Ban ga kin yi yaji ba, ban ji kin kai ƙara wajen mai unguwa ba. Uwargida ke nan.

Roƙona ɗaya ne. Duk ranar da jirgi ya tuna da ke, don Allah ki aiko yaro tun da safe. Maiɗakina tana shanya barkono a dandamalinki, ni kuma a jikin dogo nake ɗaure akuya.

Naki,
Mai baƙar akuyar nan