Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Hajiya Naƙuda

Ranki ya daɗe,

Na so in ba wani wannan takarda ya kawo miki hannu da hannu, sai na rasa wanda ya san gidanki. Ungozomar unguwarmu ta ce ta fi shekara talatin tana aiki da ke, amma ko ita ba ta san inda kike kwana ba, sai dai ta gan ki kwatsam. Shi ya sa na biyo ta jarida.

Kukana a kan lokacin zuwanki ne. A katin awon maiɗakina an rubuta rana ɓaro-ɓaro, an yi sikanin har sau biyu. Ranar na ƙi zuwa ko'ina, na zauna a ƙofar gida da hula a kai ina jiran ki kamar mai jiran baƙon Makka. Ba ki zo ba. Kika shanya mu kwana tara, har surukata ta fara yi mini wani irin kallo kamar ni na riƙe cikin. Sai a wani dare cikin Agustan 2022, ƙarfe biyu saura, ana tsuga ruwa, ga babu wuta, kika ga dama.

Daga baya na gane ashe tun bayan isha'i kika iso, kika zauna a bayan baiwar Allah kina murɗa. Ita kuma da kunya da dauriya irin ta matanmu, ta ba yara tuwo, ta yi wanke-wanke, har da shara. Na ga tana dafa bango, na tambaya, ta ce, "Ba komai, Baban Abba." Sai da faya ta fashe sannan "ba komai" ta koma "tashi ka nemo mota".

Mota! Hajiya, ni malamin firamare ne, abin hawana babur ne, macen da ke kan gwiwa kuwa ba ta hawa babur. Bari in ba ki tarihin garin nan, tunda na lura ba kya bin labarai. A 2005, zamanin Malam Shekarau, aka kawo keken A Daidaita Sahu Kano musamman don ɗaukar mata. A farkon 2013 aka hana acaɓa, keken ya zama motar kowa, shi ne tasi, shi ne motar amarya, shi ne motar asibitin talaka. A Yulin 2022 kuma, saboda tsaro, aka ce kada ya ƙara fitowa daga goma na dare zuwa shida na safe. An yi ta shela a rediyo, kowa ya ji. Ke kaɗai ce ba ki da rediyo.

Na fita da fitilar waya na nufi gidan Alhaji, mai mota ɗaya tilo a layinmu. Na yi ta bugun ƙofa, shi kuma daga ciki yana ta karanto addu'ar neman tsari daga ɓarayi. Da ya gane muryata, Allah ya saka masa, ya fito da jallabiya a baibai da makulli a hannu. Ya murɗa, mota ta ce ƙyas. Ya sake murɗawa, ko ƙyas ɗin ba ta ce ba. "Batir ne, Malam, sai an ɗan taɓa." Ni da samarin gidansa biyu muka shiga taɓo har idon sawu muna turi, yana leƙo kai yana cewa mu ƙara ƙarfi. Ta yi tari sau biyu, ta saki hayaƙi a fuskata, ta je bakin kwata ta tsaya. A nan Alhaji ya tuna ai tun jiya jar fitilar mai ke kunne. Takalmina ɗaya yana cikin taɓon nan har yau.

Saura ɗan sahun da ke ƙarshen layi. Yaro ne mai kirki, amma keken ba nasa ba ne, kullum sai ya kai balas. Ya tsaya a zaure yana sosa ƙeya. "Malam, wallahi in aka kama keken nan, mai shi ba zai saurari zancen haihuwa ba." Ban ga laifinsa ba. Sai muryar mahaifiyarsa ta fito daga cikin gida: "Kai da aka haifa a kan amalanke kake wa mutane lissafi? Fita ka kai 'yar mutane. In an kama ka, ka ce ni na aike ka!"

Haka muka duru a kan ƙafa uku. Maijego mai jiran gado a tsakiya, surukata a dama tana tofa mata addu'a, ungozoma a hagu tana riƙe labulen leda da iska ke fizga. Ni a gefen direba, rabin mazauni a kujera rabi a ruwan sama, na rungume kwandon kayan haihuwa: zannuwa, auduga, safar hannu, leda, filas ɗin ruwan zafi. Na shekara goma ina bin hanyar nan ban san yawan ramukanta ba sai daren. Duk ramin da muka faɗa sai surukata ta ce "Yi a hankali, ɗan nan", ungozoma ta ce "Yi sauri, ɗan nan", yaro ya rasa wadda zai bi.

A bakin titi 'yan sintiri suka tare mu da gora, suka dalle mu da tocila. "Ina za ku da daren nan? Ba ku san doka ba?" Na buɗe baki zan yi bayani, sai kika amsa da kanki. Matar da ta yi awa shida ba ta ce uffan ba ta saki wata ƙara da ta sa mai tocilar ya ja da baya. Ba su ƙara tambaya ba. Ɗaya daga cikinsu ma ya bi mu da gudu yana haska mana hanya har kwana. Wannan kam na yaba miki.

Muna isa, malamar asibiti ta dube mu ta ce, "Sai yanzu?" Ban gama biyan kuɗin kati ba na ji kukan jaririya. Ranar suna an raɗa mata suna mai kyau, amma duk layinmu 'Yar Sahu ake kiranta.

Ina wannan raha ne don an sauka lafiya. A ƙauyen kakannina, in rafi ya kawo, amalanken shanu ma tsayawa yake a gaɓa. Jini in ya ɓalle bayan haihuwa yana iya tafiya da mace cikin awa biyu, jijjiga ma ba ta jiran gari ya waye. A jihohi irin su Jigawa da Katsina an yi tsarin da direbobin tasha 'yan ƙungiya ke sa kai su ɗauki mai naƙuda ko da tsakar dare. Mu a layinmu, tsarinmu shi ne tsohuwar nan da muryarta.

To, ga dalilin takardar. An sake samun rabo, watan tara ya kama. Na rubuta lambar 'yan sahu uku da gawayi a bangon ɗaki. Na ɓoye galan ɗin mai a bayan buhun masara, kin kuwa san abin da galan ya zama tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Na ba Alhaji gudummawar sabon batir. Abin da nake roƙo, ki zo tsakanin Talata da Alhamis, da hantsi, bayan cunkoson kai yara makaranta ya lafa. Ban da Juma'a lokacin masallaci. In da hali, ki bari albashi ya shigo.

Naki mai biyayya,
Baban 'Yar Sahu

Ƙarin bayani: na karanta wa maiɗakin wasiƙar nan yanzu, ta ce in daina tsokanar ki. Na ga tana dafa bango, na tambaya, ta ce ba komai. Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na dare.