Agololin Kamfanin Waya

A Bangi, hedikwatar ƙaramar hukumar Mariga, akwai dattijon da har gobe in zai aiki jikansa sayen kati sai ya ce, "Kai, sayo mini na Zain." Yaron bai ma zo duniya ba Zain ta tattara komatsanta, amma bai taɓa yi wa kakansa gyara ba. Ya kawo na Airtel, tsoho ya kankare da farce, zance ya ƙare.

Kada a ga laifin tsoho. Layin dai ɗaya ne, 0802, aure ne ya yi masa yawa. Econet aka raɗa wa kamfanin a 2001. A 2004 ya zama Vmobile, a 2006 Celtel, a 2008 Zain. A 2010 sai ga attajiran Indiya da sadakin dala biliyan 10.7, suka kwashe harkar Zain a ƙasashen Afirka 15, aka wayi gari Airtel. Ko bazawarar da ta fi kowa farin jini a ƙasar Kontagora ba ta yi ɗaki biyar cikin shekara tara ba.

Mu kuwa masu layi agololi ne. Uwa ta tare a sabon gida, mu bi ta da ƙullin kayanmu. Ba a nemi shawararmu ba, ko goron ɗaurin aure ba mu gani ba, sai saƙon tes cewa an ƙara ƙaunarmu. Wanda ya ci ribar bikin tsaf shi ne mai fenti. Kankare bangon tsohon shagon kati, za ka tarar da angwayen jere, wani a kan wani.

Maƙwabta ma ba su tsira ba. MTN ta haɗiye Visafone a 2016. Etisalat ta sha bashin dala biliyan 1.2 a hannun bankuna 13, a 2017 ta koma 9mobile, a 2025 kuma aka ce T2, suna kamar lambar babur. Kishiyoyi ne, ba sa ga maciji, amma da hukumar NCC ta yarda a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, ba a ji wadda ta ce ta ƙoshi ba.

To amma agolan ma ba kanwar lasa ba ne. Tun 2013 aka ba mu damar yin ƙaura zuwa wani kamfani da lambarmu. A majalisarmu ban ga wanda ya motsa ba; mun fi son mu ƙara layi na uku, ɗaya na iyali, ɗaya na kasuwa, ɗaya na waɗanda ke bin mu bashi, shi kuma kullum a kashe.

Akwai wanda nake bi kuɗin rago tun Babbar Sallah. Duk sanda muka haɗu sai ya dafa ƙirji: "Wallahi Malam, tun da aka sayar da kamfanin nan sabis ya lalace." Na lissafa, shekara goma sha wani abu ke nan da cinikin. Jiya na ari wayar mai shayi na kira shi, bugu ɗaya ya ɗauka, murya tangaram. Na yi sallama.

"Halo? Halo? Ba na ji fa! Bari in hau tudu."

Ina hango shi a tsallaken titi, zaune kan benci, yana cin tsire.