Zuwa Ga Bazazzagi: Ba Aljanun Kufena Ba Ne

Bawana Bazazzagi, ubangidanka na gaishe ka daga gindin Dala. Labari ya iso mana cewa ka daina kunna rediyon tsohuwar Peugeot 504 ɗinka, wai da zarar ka tayar da inji sai wani abu ya riƙa yi maka fito a tsakiyar labarun duniya, har ka sa an turara motar da habbatus-sauda. Duk bokon Samaru da Kongo, ashe iyakarsa ke nan?

Na kuma ji kana shirin tuge rediyon ka sa na zamani mai fitilu kala-kala. Kul! Tun 1975 ake haɗa Peugeot a Kaduna, nan bayan gidanku, kuma rediyon da ya fito tare da motar nan ya ga jiya ya ga yau. Abin da aka ɗura masa yake amayarwa. Kai ne dai ba ka iya saurare ba, kuma wannan tsohon ciwon mutanenku ne: kowa malami, babu ɗalibi.

Kafin komai, zare cajar wayar nan ta ɗari biyar da ka soka a ramin kunna sigari. Irinsu kan watsa ƙara fiye da injin kansa. In an yi shiru, ka ji kunya kai kaɗai, ba sai ka faɗa wa kowa ba.

In ƙarar tana nan, kama tashar matsakaicin zango, kamar Rediyon Kaduna, don a can ta fi fitowa fili. FM ya fi jure mata. Sai ka taka totur a hankali, ka kasa kunne. Fito ne siriri, yana ƙara tsini in ka taka, yana sauka in ka saki? Altaneta ce. Wutar da take haifarwa mai kai-komo ce, dayod shida ne ke miƙar da ita kafin ta shiga batir, kuma in ɗaya ya mutu sai ragowar rawar ta biyo waya ta faɗa cikin rediyo. In kuwa ƙas-ƙas-ƙas kake ji kamar ana soya gugguru, yana bin saurin inji, wannan tartsatsin fulogi ne da kwayil. Ka kasa bambancewa? Ɗaga totur, ka kashe injin rediyo na kunne. Ƙarar fulogi nan take za ta yanke, fiton altaneta kuwa sai ya ja jiki tukuna ya mutu.

Saura ka san ƙofar da ɓarawon ke shigowa. Zura hannu bayan rediyo ka zare wayar eriya. Ƙarar ta ɗauke, to ta iska take zuwa: duba gindin eriyar inda ya haɗu da jikin mota, na rantse tsatsa za ka tarar. Kwance shi, ka goge da samfefa har ƙarfe ya yi fari, ka ɗaure tamau. In ta ci gaba babu eriya, ta wayar wuta take bi, ko kuma wayar da ke haɗa rediyon da jikin mota ta yi sako-sako. Haka nan kitsattsiyar wayar da ta haɗa inji da jikin mota, da kawunan batir ɗinka da na tabbata sun yi furfura tun zamanin mulkin soja.

Yanzu mu zo kan rowarka, don a nan nake zargin gizo yake saƙa. Na san ka: ka je Panteka ka ce a ba ka fulogi mafi arha. Akwai fulogi masu harafin R a lambarsu, a cikinsu akwai ɗan abin da ke danne tartsatsi, wajen om 5,000, don rediyo aka yi su. Wayoyin fulogi ma haka, akwai masu danne ƙara, akwai na zallar tagulla da ke mayar da kowace waya eriyar watsa shirin ƙas-ƙas. Sannan ka leƙa jikin kwayil. A da ana ɗaura wani ɗan kwandansa a wurin don ya shanye ƙarar, wataƙila wani ɗan rewaya ya jefar da naka ya ce ado ne, kai kuma ka gyaɗa kai kana Turanci. A mayar da shi, amma a ɓangaren da wuta ke shiga, mai alamar tarawa. In aka ɗaura a ɗaya ɓangaren tartsatsi zai raunana, sai ka kwana a Kwangila kana roƙon 'yan acaɓa su tura ka.

Gyaran altaneta kam ka bar wa masu sana'a. Kawo ta Ƙofar Ruwa, yaranmu za su gwada dayod ɗin kana tsaye. Ka taho da kuɗin aiki a aljihu ɗaya, a ɗayan kuma kuɗin sharata na bara da na bana, don ban yafe ba.